Kamun giwan ruwa: abin da ke canzawa daga damina zuwa bazara

Ɗanjuma (Garwa):
Assalamu alaikum iyayenmu da yayyenmu masunta. Tambayata a kan giwan ruwa ce, wanda 'yan kasuwar nan ke kira kapiten. Me ya sa gurbin da ke ba da shi a watan Nuwamba sai a wayi gari a Afrilu kamar an share? Ƙugiya ɗaya, ƙoto ɗaya, wuri ɗaya, amma shiru. Kifin ne ke ƙaura, ko cin ne yake dainawa? A taimaka da bayani dalla-dalla, har da lambar ƙugiya da kaurin zare.

Malam Isa (Lagdo):
Wa alaikumus salam Ɗanjuma. Kifin yana nan, mazauni ya sauya. Abu biyu giwan ruwa ke bi duk shekara: ƙananan kifin da zai ci, da ruwan da zai iya numfashi a ciki. Tarwaɗa da gaiwa suna shaƙar iska daga sama, shi ya sa suke rayuwa a taɓo. Giwan ruwa ba shi da wannan baiwa. Da ruwa ya ɗan lalace shi ne farkon tashi.

A tafkin Lagdo abin a fili yake. Tun da aka gama dam ɗin a 1982 ruwa ya shanye kwari da itatuwansa da duwatsunsa, kuma tsohuwar hanyar Binuwai tana nan a ƙasa kamar rami mai tsawo. Da hunturu iska tana juya ruwan daga sama har ƙasa, kifi yana iya zama ko'ina, har can cikin ramin. Da bazara kuwa ruwan sama ya yi zafi, ya kwanta a kan na ƙasa, ba sa gauraya. Na ƙasan sai ya rasa iska. Wanda ya ci gaba da sauke ƙotonsa mita goma sha biyar a Afrilu don nan ya samu a Janairu, a ruwan da babu kowa yake jira.

Malam Nuhu (Njamena):
Maganar Malam Isa daidai ce, bari in ƙara da lissafi. Ruwa mai zafin digiri 20 yana iya riƙe kusan miligiram 9 na iskar numfashi a kowace lita. In ya kai digiri 30 sai ya koma kusan 7 da rabi. Ga shi kuma a zafi jikin kifi ya fi buƙatar iskar. Wato buƙata ta ƙaru, abin ya ragu. Manyan su suka fi jin wannan, shi ya sa su ne ke fara ɓacewa.

Tafkin Chadi ma shaida ne. Bayan farin shekarun 1970, da tafkin ya tsuke ya koma fadama mai ciyawa, giwan ruwa da tsage sun ja baya ƙwarai, tarwaɗa da karfasa suka mamaye. Inda ya rage shi ne buɗaɗɗen ruwa na kudu, wajen da kogin Shari ke zubowa.

Ɗanjuma (Garwa):
To Malam, wanda ba shi da na'urar awo, ta yaya zai san inda ruwa mai iska ya tsaya?

Malam Isa (Lagdo):
Ƙoton da kansa shi ne na'urar. Ɗauki zare ɗaya, ka ɗaura ƙananan ƙugiyoyi huɗu, tsakanin kowace da 'yar'uwarta mita uku, darma a ƙarshe. Sa ƙaramar karfasa mai rai a kowace, ka sauke, ka ba shi minti goma sha biyar, ka jawo. Wadda ta fito da ƙarfinta, ruwanta lafiya. Wadda ta fito a mace, baki buɗe, jiki ya yi fari, daga nan zuwa ƙasa kada ka ɓata lokaci. Ka kuma sunsuni darmar. In lakar da ta maƙale baƙa ce mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, ƙasan nan matacce ne. Sai ka ajiye ƙotonka mita ɗaya sama da inda ta ƙarshe ta rayu. Sau da yawa nan manyan ke jeruwa, domin shi ne wuri mafi sanyi da har yanzu ke da iska.

Baba Haruna (Kuseri):
Wannan duk zancen tafki ne. Kogi dabam. A Logon da Shari ruwa yana tafiya, ba ya kwanciya hawa-hawa. Abin da za ka duba a nan shi ne cikowa da janyewa.

Ruwa yana fara hawa a Yuli, ya yi ja kamar kunun kanwa, ya kai ƙarshen cikarsa wajen ƙarshen Oktoba zuwa farkon Nuwamba a nan mahaɗar Kuseri da Njamena. Lokacin hawa kifi ya watsu cikin yayre, fadamar nan da ke yammacin Logon, yana ƙwai, 'ya'ya suna girma cikin ciyawa. Mai ƙugiya ba shi da wani rabo sosai a wannan lokaci, domin abinci ya yi wa giwan ruwa yawa kuma filin ya yi faɗi.

Rabon yana zuwa da ruwa ya fara ja da baya, daga Nuwamba zuwa Janairu. Duk ƙananan kifin da suka girma a fadama dole su fito ta bakin mashigi su koma kogi. Giwan ruwa ya san wannan. Ba ya shiga cikin mashigin, yana tsayawa ƙasa da bakinsa kaɗan, daidai inda ruwa mai gudu ya haɗu da mai juyawa, wurin da za ka ga kumfa da tarkace suna kewaya. Ka tsayar da kwale-kwale sama da wurin kamar mita ashirin, ka saki dutse a hankali, kada ka jefa shi. Ka bar ruwa ya kai masa ƙoton.

Sale (Lere):
Baba, a ina ake soke ƙoton? Nan wajenmu a baya muke sokewa, amma na ji wasu na cewa kuskure ne.

Baba Haruna (Kuseri):
Ba kuskure ba ne a ruwanku, ɗana, domin tafkin Lere a kwance yake. A ruwa mai tsayuwa ka soke a baya, gab da ƙayar farko, sama da layin nan da ke gefen jiki, ka kiyaye ƙashin baya. In ƙugiya ta taɓa ƙashin, kifin zai sandare nan take. In ka soke daidai zai yi ta iyo ƙarƙashin gora awa biyu ko uku.

A ruwa mai gudu kuwa in ka soke a baya, ruwa zai juya shi a karkace, ya buɗe masa baki, ya yi ta wulwulawa har ya mutu, zaren ma ya murɗe. A nan ta hanci ake sokewa, ko ta leɓen sama kaɗai. Kada ka haɗa leɓe biyu ka ɗinke masa baki, ba zai iya numfashi ba.

Alhaji Bala (Maga):
Tunda an zo kan kayan aiki, ga yadda ake haɗawa don babban kifi.

Uwar zare ta roba mai kaurin milimita 1, tsawon mita ɗari, a naɗe a gora ko katako mai santsi. Ka zura darma mai huda, wadda za ta riƙa zamewa a kan zaren, nauyin giram 50 a ruwa mai kwanciya, 100 zuwa 150 a mai gudu. Bayan darmar ka ɗaura ƙarfen nan mai juyawa, shi ke tare darmar kuma ya hana murɗewa. Daga nan sai guntun zare mai kaurin milimita 1.2, tsawon mita ɗaya da rabi, sannan ƙugiya. A lissafin kwalin da ake sayarwa a kasuwanninmu ƙaramar lamba ita ce babbar ƙugiya: lamba 4 ko 5 don ƙoto mai faɗin yatsa huɗu, lamba 7 don mai yatsa biyu zuwa uku.

Dalilin darma mai zamewa: giwan ruwa ba ya cizo, zuƙa yake yi. Yana buɗe baki da marfin kunne lokaci guda, ruwa da kifi su faɗa ciki. In ya ji nauyi a wannan daƙiƙar sai ya furzar. Dalilin guntun zare mai kauri kuma: haƙoransa ƙanana ne kamar sanfefa, suna goge zare a hankali, kuma gefen marfin kunnensa yana da kaifi da ƙayoyi. Yawancin zaren da ke tsinkewa, a taƙi biyu na kusa da ƙugiya yake tsinkewa. Bayan kowane kifi ka shafa wurin da yatsa. In ka ji kaushi, yanke ka sake ɗauri.

Ƙulli kuma a jiƙa shi da yawu kafin a ja. Busasshen ƙulli yana ƙona roba, ya rage mata ƙarfi tun ba a shiga ruwa ba.

Sale (Lere):
Alhaji, me zai hana a sa waya kawai a huta? Tsage ma yana nan, kuma shi ba ya barin roba.

Alhaji Bala (Maga):
Waya tana da wurinta. A jan ruwa sa ta, ba abin da zai gani. Amma daga Janairu zuwa Afrilu, lokacin da ruwa ya washe har kana hango ƙafarka a zurfin ƙugu, waya tana rage cin giwan ruwa, kuma tana taurara ƙoton ya kasa iyo yadda ya saba. In tsage ya dame ka, sauke ƙoton ƙasa. Tsage a sama da tsakiyar ruwa mai gudu yake farauta, kuma da rana. Giwan ruwa a gindin dutse da kututture yake, kuma ya fi ci da duhu.

Malam Isa (Lagdo):
A nan ban bi Alhaji gaba ɗaya ba. Inda tsage ya yi yawa, kamar kogin Faro da ƙasan dam ɗin Lagdo, ko ka sauke ƙasa zai bi ƙoton tun yana nutsewa. Gara guntuwar waya mai laushi, taƙi ɗaya kacal, sauran duk roba. Asarar cin da za ka yi ba ta kai asarar ƙugiya goma a yini ba.

Alhaji Bala (Maga):
Na yarda da taƙi ɗaya a kogi. A Maga ba a buƙata. Tafkin nan da aka tare a 1979 don gonakin kamfanin noman shinkafa na SEMRY ba shi da zurfi, iska kaɗan ta tayar da laka, matsalarmu ciyawa ce da duhun ruwa.

Ɗanjuma (Garwa):
Allah ya saka da alheri. Saura maganar lokaci. Wasu sun ce asuba, wasu sun ce dare. Kuma da sanyi fa?

Malam Nuhu (Njamena):
Ka haska idon giwan ruwa da tocila za ka ga yana ƙyalli kamar na kyanwa. Akwai wani shimfiɗi a bayan idon da ke mayar da haske, shi ke ba shi gani a duhu fiye da kifin da yake farauta. Saboda haka lokacinsa shi ne lokacin da shi yana gani, su ba sa gani: daga kiran assalatu zuwa fitowar rana, da daga gab da magariba zuwa bayan isha'i. A gurɓataccen ruwa wannan lokaci yana faɗaɗa, yana iya ci har da hantsi, domin duhun yana nan. A ruwa garau yana tsukewa, wani lokaci sai dare kaɗai. Masu zuwa Faro daga ƙasashen waje don manyan giwan ruwa da rani suke zuwa, kuma bayan faɗuwar rana suke jifa a manyan gurabun da dorina ke kwana.

Da hunturu lissafin yana juyawa kaɗan. A Disamba da Janairu ruwan gefe yana yin sanyi ƙwarai da asuba, kifi ya yi nauyin jiki, narkewar abincinsa ta ragu. Yamma ta fi safiya a wannan lokaci, daga la'asar zuwa magariba, musamman gefen duwatsun da rana ta gasa yini guda. Ka rage girman ƙoto, ka rage sauri, ka ƙara haƙuri kafin ka fizga.

Baba Haruna (Kuseri):
Maganar fizga tana da muhimmanci, nan yara ke asara. Da ka ji zare ya yi nauyi ya fara tafiya, kada ka fizga. Sake masa. Ta kai yake haɗiye kifi, sai ya juya shi a baki tukuna. Ƙirga biyar a hankali da zafi, takwas zuwa goma da sanyi, sannan ka tattara sakin har ka ji nauyinsa, ka ja da ƙarfi sau ɗaya. Fizga uku-huɗu yage baki take yi.

Gudunsa na farko dutse ko itace yake nufa. In ka bar shi ya shiga, an gama. Bayan haka zai taso sama, ya fito da kai, baki a wangale, yana girgiza. A nan ƙugiya ke fita. Da ka ga zare yana tasowa, ka sauke hannunka kusa da ruwa, ka ja gefe, kada zaren ya saki ko kaɗan.

Kuma ina roƙonku, kada wanda ya naɗe zare a hannu ko a yatsa. Kifin nan yana wuce kilo ɗari. Ko mai kilo talatin ya isa ya yanke yatsa ko ya kifar da ƙaramin kwale-kwale. Yanki robar tayar keke ka sa a yatsu. Ƙarshen zaren ka ɗaure shi a jarkar lita ashirin da babu komai ciki, murfi a rufe. In ya fi ƙarfinka jefa jarkar, ka bi ta. Jarka za ta gajiyar da shi.

Malam Isa (Lagdo):
Ƙari kan hunturu a tafki: gefen da iska ke bugawa ya fi gefen da ke lafe. Igiyar ruwa tana tura ƙananan kifi can, tana gurɓata gefen kaɗan, tana zuba iska a ruwa. Amma iskar Lagdo takan tashi da hantsi, kuma jirgin katako da ya juya mata gefe yana cikin haɗari. A fita da wuri a tsallaka, ko a jira ta kwanta.

Sale (Lere):
Kifin roba da cokalin ƙarfe da ake sawa maimakon ƙoto mai rai fa? Suna aiki ko kuɗi ne kawai ake zubarwa?

Malam Nuhu (Njamena):
Suna aiki, in ruwa ya ba da dama. Gwaji mai sauƙi: nutsa hannunka. In kana ganin yatsunka har ruwa ya kai gwiwar hannu, kifin roba zai yi. In tun wuyan hannu sun ɓace, koma ga ƙoto mai rai, ko ka nemi mai 'yan duwatsu a ciki da ke kaɗawa, domin a irin wannan ruwa da layin gefen jikinsa yake jin motsi. Launi: a ruwa garau mai kama da karfasa ko farin azurfa, a ruwa mai duhu mai ruwan lemo ko rawaya, da dare baƙi, domin daga ƙasa yake kallo, inuwa yake gani.

In za a ja a bayan jirgi, irin kifin robar kamfanin Rapala mai tsawon santimita 14 zuwa 18, a sake zare mita talatin zuwa arba'in, inji a saurin tafiyar ƙafa. Leɓen da ke gaban kifin robar shi ke ƙayyade nutsewa: dogon leɓe ƙasa, gajere sama. A bi gefen tsohuwar hanyar kogi da kewayen tsibirai masu duwatsu. In ba ya ɗan taɓa dutse jifa-jifa, ya yi sama da yawa. Abin da ke ba da kunya shi ne ƙugiyoyi masu baki uku da zobban da ke zuwa da na arha. Babban kifi yana miƙar da su. A canza su da masu kauri tun a gida.

Alhaji Bala (Maga):
Ba a taɓo ruwan farko ba, kuma shi ne ke rikita mutane. A Mayu ko Yuni in ruwan sama na farko ya sauka, yana wanko kashin shanu da toka da busasshiyar ciyawa zuwa cikin ruwa. Ruɓewarsu tana cinye iska. Kwana biyu ko uku za ka ga ƙananan kifi suna haki a sama da asuba, wani lokaci har mushe. A kwanakin nan giwan ruwa ba ya ci. Ka jira ruwa na biyu ko na uku, lokacin da mayo, wato rafi, ya fara kawo ruwa mai sanyi mai gudu. Bakin mayon, daidai layin da jan ruwa ya haɗu da fari, wuri ne mai kyau. Ajiye ƙoto a ɓangaren farin, taki kaɗan daga layin.

Sai dai tagar gajera ce. A Maga da Lagdo hukumar kiwo da masunta tana rufe kamun kifi wata uku na damina, Yuli zuwa Satumba, don kifi ya hayayyafa. A kiyaye. Manyan giwan ruwa galibi mata ne, kuma uwa ɗaya tana ɗauke da ƙwai miliyoyi. Kalli mai ido yatsa biyu da gidan sauro da ake ja a gefen ciyawa su ne ke kwashe 'ya'yan tun suna tsawon tafin hannu. Wanda ke son mai kilo ashirin bayan shekaru, dole ya bar wannan.

Hajiya Ladi (Yagwa):
Sannunku da ƙoƙari malamai. Kun yi ta kamu, ba ku yi ta bayan kamu ba, kuma nan kuɗin ke zubewa. Da bazara giwan ruwa da aka kama da asuba aka bar shi a cikin jirgi, rana na dukansa, kafin azahar cikinsa ya fara lalacewa. Mai saye yana ɗaga marfin kunne: ja mai haske, kuɗi cikakke, ya koma ruwan ƙasa da yauƙi, rabin kuɗi. Ido ya dushe, tsoka ta riƙe shaidar yatsa, sai kifin banda.

In yana da rai, zura igiya ta baki ta fito ta kunne, a bar shi cikin ruwa a inuwar jirgi. In ya mutu, a yanka wajen maƙogwaro jini ya fita, a cire hanji da jan kunnen nan take, a rufe da jiƙaƙƙen buhu. Mai ƙanƙara ya cusa ta cikin cikin, ba a kan fata kaɗai ba, domin naman yana da kauri, sanyin waje ba ya isa ƙashi da wuri. Jakar iskar da ke cikinsa a cire ta ɗungum kada wuƙa ta huda ta, a kankare kitsen, a wanke, a shanya. Tana da masu sayenta dabam.

Malam Isa (Lagdo):
Hajiya ta tuna mini abu. Igiyar nan tana yi ne ga wanda aka kama a ruwa mara zurfi. Wanda aka jawo daga mita goma ko fiye, jakar iskar tana kumbura, ya taso ciki sama, wani lokaci har tumbi ya leƙo ta baki. Wannan ba zai rayu a igiya ba, a gyara shi kawai.

Ɗanjuma (Garwa):
Na gode ƙwarai iyayena. Tambaya ta ƙarshe: ƙoton yana mutuwa a bokiti tun kafin a isa gurbi. Yaya ake yi?

Baba Haruna (Kuseri):
Bokiti a rana ba ya riƙe su. Nemi jarka, ka huda ta da ƙusa mai zafi ko'ina, ka yanke ƙofa a sama, ka ɗaure ta a gefen jirgi cikin ruwa. Kada su wuce goma sha biyar a jarkar lita ashirin. In za a tayar da inji a ɗago ta a sa cikin baho mai ruwa, a riƙa canza rabin ruwan duk minti goma, in an tsaya a mayar. Karfasa ta fi jurewa. Kawara ta fi ƙyalli kuma giwan ruwa yana son ta, amma ba ta daɗewa, ita a kama ta da birgi a wurin, a soke nan take. Ka jiƙa hannu kafin ka taɓa kowanne.

Sale (Lere):
Baba, ƙaramar tarwaɗa fa? Ita ba ta mutuwa.

Baba Haruna (Kuseri):
Tana yi, musamman da dare. Amma tana neman ƙasa ta shige rami ko ƙarƙashin itace da ƙugiyarka. Sa mata gora, ka auna zaren yadda za ta tsaya mita ɗaya sama da ƙasa, kuma ka karye ƙayoyin gefenta biyu kafin ka sake ta.